Ƙwayoyi Uku na Mai Sikeli

Duk wanda ya san mahaifinmu ya san shi da abu biyu: ba ya ƙarya, kuma ba ya fifita ɗa a kan ɗa. Mutane suna faɗin haka a matsayin yabo, don ba su zauna gida ɗaya da shi ba. Ni da na zauna zan gaya muku cewa waɗannan halaye biyu su suka mayar da shi gadon asibiti sau uku cikin ɗan lokaci, kuma saura ƙiris su rufe masa shagon da ya fi shekara arba'in yana buɗewa kowace safiya.

Sana'arsa gyaran sikeli. Mai Sikeli ake ce masa, har jikokinsa idan ba ya kusa. Shagon ɗan ɗaki ne a bakin kasuwa, tsakanin mai walda da mai sayar da katifa. Idan ka shiga sai ka sunkuya, don sikelin mahauta suna rataye a saman ƙofa da ƙugiyoyinsu. Akwai na masu hatsi, akwai na jarirai mai kama da baho, akwai kuma ɗan ƙaramin na masu zinare da yake ajiyewa cikin akwatin gilashi, ba ya yarda ko numfashi ka yi kusa da shi. A kan kanta duwatsun awo na tagulla suke jere, daga wanda sai da hannu biyu zuwa wanda bai kai ƙwayar wake ba.

Yana ɗan shekara goma sha huɗu ya koyi aikin a wurin wani tsoho mai ido ɗaya. Ya ce abu guda tsohon ya nanata masa har ya rasu: allurar sikeli ba ta san ɗan'uwa ba. Baba ya riƙe wannan magana fiye da yadda tsohon ya yi nufi. 'Yan kasuwa kan kawo masa sikeli su rage murya su ce a ɗan karkata musu shi. Ba ya musu, ba ya wa'azi. Ya karɓa, ya gyara shi daidai wa daida, ya miƙa. Akwai mahaucin da ya shekara bakwai ba ya gaishe shi saboda haka, amma duk shekarun nan wurinsa yake kawo gyara, sai dai ya ajiye sikelin ya juya baya.

Da a shago abin ya tsaya, da sauƙi. Mu uku ya haifa: Yaya Babba, sai Anti, sai ni Auta. Muna yara, idan ya shigo da lemo ɗaya, sai an ɓare shi an ƙirga ɓangarorinsa, in aka samu ragowar ɗaya ya yanka ta uku da reza. Mama, Allah ya ji ƙanta, takan ce, "Malam, kafin ka gama awon nan yaran sun manta suna jin yunwa." Ya ce gara yunwa da zargi.

Da muka girma abin ya koma kansa. In Yaya ya ɗinka masa riga, Anti ta sayo takalmi, ni na kawo hula, to duka ranar zai sa su, ko da rigar shuɗiya ce, takalmin ja, hular koriya. Haka yake tafiya a titi, mutane suna gaishe shi suna kallon ƙasa. In ya je gidan Yaya ya yi minti arba'in, to gidan Anti ma arba'in ne, agogo yake dubawa. An taɓa ganinsa ya miƙe tsakiyar labari, shayinsa ko rabi bai sha ba, don lokaci ya cika.

Shekara huɗu ke nan da rasuwar Mama. Mijina direban babbar mota ne, rabin wata yana kan hanya, sai na kwaso yarana na dawo gidan Baba. Na gaji tukwanen Mama, na gaji tsintsiyarta, na kuma gaji aikinta na safe. Baba yana da hawan jini tun da daɗewa, akwai wata 'yar farar ƙwaya da yake sha kullum. Kafin ya fita shago Mama take kawo masa ita a tafin hannu, da ruwa a wani kofin silba mai lotsattsen baki. Ni na ci gaba. Ban taɓa fashin rana ɗaya ba, kuma ba na ɓoye cewa ina alfahari da hakan. In kwalin ya kusa ƙarewa, in ɗauki tsohon in kai kemis a ba ni irinsa.

Wata rana ya tashi da ciwon kai da nauyin ƙirji, muka kai shi asibiti, aka ce jinin ya hau fiye da kima, aka kwantar da shi kwana biyar. Ni na yi jinya. Ni ce mai tabarma a ƙasan gado, ni ce mai neman ruwan zafi, ni ce mai wanke kwano. Amma ranar sallama, kamar yadda aka saba a kowane gida, manya suka iso. Yaya ya shigo yana kaɗa makullin mota, ya wuce ofishin likita. Ni aka ce in naɗe tabarma in tabbatar ba a bar filas ba. Da ya fito na ga takarda a hannunsa, na ce, "Yaya, me likita ya ce?"

Ya ce, "Ya ce a kula da shi sosai."

Ya jefa takardar cikin aljihun gaban mota, inda tsofaffin rasit da mataccen biro suke kwana, ya rufe.

Tun daga ranar kuma aka sa mini ido. Kullum da hantsi wayar Baba za ta yi ƙara, Yaya ne. "Baba, ka sha maganin?" Baba ya ce na sha. Da la'asar Anti ta kira. "Baba, ka sha maganin?" Ya ce na sha. Abin ya riƙa ƙona mini rai. Shekara huɗu ina ba mutum magani ba wanda ya taɓa tambaya, yau don sun ga ƙofar ofishin likita sun zama masu duba aikina.

Kwana goma sha ɗaya da sallama, da tsakar rana, Baba ya miƙe zai sauko da wani sikeli, jiri ya ɗebe shi, ya zube tsakanin kanta da bango. Mai walda ne ya ciccibe shi, tabaran aikinsa ma bai cire ba. A asibiti aka ce wannan karon jinin ƙasa ya yi, ƙasa sosai. Aka sa masa ƙarin ruwa. Wani likita ne daban, ba na farko ba. Ya tambayi maganin da yake sha, Yaya ya amsa, likita ya duba fayil ya ga haka ne, ya gyaɗa kai. Ni ina can wurin mai ruwan zafi, daga baya na ji. Cikin kwana biyu Baba ya miƙe garau, har yana yi wa na gadon kusa da shi bayanin yadda ake gane sikelin da aka cuta.

Muka dawo gida. Kwana tara, ya sake faɗuwa, wannan karon a bakin famfo. Yaya ya yi tafiya, Anti ce ta shiga wurin likita, likita na uku. Shi ma ya tambaya, ita ma ta amsa, shi ma ya ga daidai ne da abin da ke fayil. Ya ce to tunda jinin yana yin ƙasa, a riƙa raba ƙwayar biyu, rabi kullum. Wannan saƙon kam ya iso gare ni, don Anti ba ta iya riƙe magana. Na ba Baba fararen ƙwayoyina ya rarraba mini su da reza, yana ɗora kowane rabi a sikelin masu zinare. Ban taɓa ganinsa cikin nishaɗi irin na ranar ba.

Rabin ya ɗan riƙe shi, ya yi mako uku a tsaye. Sannan ya faɗi na uku, a gaban mai katifa, wanda Allah ya taimaka ya shimfiɗa hajarsa a waje.

Zuwa lokacin mun zama 'yan gida a asibiti. Mai gadi yana hango mu zai buɗe ƙofa duka biyu ya ce, "Baba, sannu da dawowa. Ya muka samu mutan gida?" Masu shara sun san yana son gadon kusa da taga. Shi kuwa Baba, da ya ji ƙarfi a rana ta biyu, ya lura sikelin da ake auna marasa lafiya yana ƙara wa kowa kilo biyu. Ya roƙi sukundireba, ya zauna a ƙasa da robar ƙarin ruwa a hannu ya gyara shi. Har daga ɗakin mata aka aiko masa da godiya.

Kowa kuma da abin da ya gano. Yaya ya ce aikin shago ne, mutum mai shekara saba'in ba ya ɗaga ƙarfe. Anti ta ce girkina ne, ranar farko ta ce gishiri ya yi yawa, rana ta biyu ta ce ya yi kaɗan. Mai katifa da ya zo dubiya ya ce shi dai ba likita ba ne, amma a sanin da ya yi wa duniya, yawancin jiri daga tsohuwar katifa yake farawa.

Ranar da za a sallame shi Yaya ya zo da wata 'yar leda. Ya zaro sabon kwaɗo, babba, mai makulli uku, ya ajiye a kan akwatin gefen gado.

Ya ce, "Baba, ba rashin kunya zan yi maka ba. Amma in ka sake faɗuwa sau ɗaya, wannan zan sa wa shagon. Ka dawo wurina. Na gyara maka ɗaki, akwai talabijin, akwai fanka, ba abin da za ka ɗaga sai cokali."

Gidan Yaya hawa na huɗu ne. Tagar ɗakin tana kallon bangon wani bene.

Baba ya miƙa hannu. Ya ɗauki kwaɗon ya jinjina shi a tafin hannu, kamar yadda yake yi wa duk abin da ya shigo hannunsa, ya mayar ya ajiye. A nan tsoro ya kama ni, tsoron da ban ji ba ko a faɗuwarsa ta farko. Na san Yaya da gaske yake, kuma don ƙauna yake yi. Na kuma san Baba. Mutumin da ko ranar hutu sai ya je ya buɗe shago ya goge duwatsun awo ya rufe, in aka zaunar da shi gaban talabijin, ba zai kai wata shida ba.

Duk wannan a gaban wata nas aka yi, 'yar gajeriyar mace mai tabarau da igiya a wuya, tana rataye da jaka kamar mai shirin ƙaura. Sista kawai ake ce mata. Ashe asibitin ya ba ta sabon aiki: duk wanda aka sallama ya dawo kafin wata ya cika, ita ke bin sa gida ta ga abin da ke dawo da shi.

Ta ce, "Tsohon nan in ya zo wurinmu kwana biyu yake warkewa. In ya koma wurinku ya faɗi. Ruwa ba ya tsami banza. Ciwon yana can gida, can zan je in same shi."

Anti ta kalle ni. Na ga kallon, na ajiye shi a inda nake ajiye irinsa.

Kwana huɗu bayan haka, da hantsi, Sista ta iso shago. Ina nan, don yanzu gadinsa nake, in ya miƙe in miƙe. Ta zo da tsohon sikelin kicin ɗinta a jaka, ta ce yana mata ƙarya. Wayo ne, ta gane Baba ba ya zama don a duba shi, amma zai zauna don ya duba sikeli. Yana kwance kusoshin, ta ɗaura masa abin awon jini a ɗaya hannun. Ta duba, ta cire tabarau, ta mayar, ta sake dubawa.

Sai ta yi abin da likita uku da 'ya'ya uku ba mu taɓa yi ba. Ta tambaye shi, shi kansa.

"Baba, ina maganin da kake sha?"

Bai ɗago ba. Ya ce, "Wanne daga ciki?"

Sista ta ja kujera ta zauna sosai. Ta ce, "Duka. Ba na sauri."

Baba ya jawo durowar da yake ajiye ƙananan duwatsun awo, ya fito da wani kwali fari da ja. Ƙwayoyin ciki ruwan hoda ne, kowace an raba ta biyu tsaf. Ya ce, "Wannan na Babba ne. Washegarin sallama ta farko ya kawo mini nan. Da hantsi nake sha, kafin ya kira." Ya miƙa hannu saman kanta ya sauko da gwangwanin sifirin, ya zaro wani kwali mai ruwan zinare. Waɗannan rawaya ne, su ma rabi-rabi. "Wannan na yayar Auta ne. Da la'asar."

Ban san lokacin da na ɗauki waya ba. Na kira Yaya, na kira Anti, na ce su zo shago yanzu, ba faɗuwa ya yi ba, amma su zo. A muryata kaɗai sun san akwai shari'a.

Da suka iso Sista ta jera kwalayen biyu a kan kanta. Ta nuna musu babban sunan da ke jikin kowanne, daban-daban. Sannan ta sa farce a ƙarƙashi, inda aka yi wani ɗan siririn rubutu. Iri ɗaya ne, harafi da harafi. Magani ɗaya ne, kamfani biyu suka yi.

Anti ta ce, "Amma nawa na waje ne, Sista. Da na ji sunan wanda aka rubuta, na ce ba zan bar ubana da na araha ba. Wata ƙawata mai kemis ta samo mini."

Sista ta ce, "Ko daga ina ya zo, jininsa bai san kwali ba. Sau biyu yake sha."

"Ai na ce masa ya bar na Yaya."

Yaya ya ce, "Ni kuma da na ji labari na ce kar ya kula da kayan kemis."

Duk muka juya ga Baba. Yana ta juya wata kusa a yatsunsa. Ya ce, "Ita ta ce in bar naka, kai ka ce in bar nata. Ni kuwa ban haifi ɗan da zan bar kayansa ba. Kuma kullum kuna kira kuna tambaya ko na sha. Da me kuke so in amsa muku?"

Nan fa na samu fili. Abin da na tara na wata biyu na sauke shi duka. Na ce ga masu shiga ofishin likita, ga masu makullin mota, ga masu auna gishirin miyata. Na ce an mai da ni mai naɗe tabarma, ashe masu ilimin ne ke kayar da tsoho. Na yi magana har mai katifa ya leƙo ya koma. Yaya ya sunkuyar da kai, Anti tana wasa da bakin mayafinta. Wallahi na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Na rufe da cewa, "Da an bar shi da nawa kaɗai, wanda yake sha tun Mama tana da rai, da duk wannan bai faru ba."

Sista ta ɗago a hankali. "Naki?"

Na ce, "Na asali. Kullum da safe, shekara huɗu ba fashi." Na buɗe jakata na zaro kwalin, don dama ranar zan biya kemis. Na ajiye shi kusa da nasu, har da ɗan bugawa.

Ta juya kwalin, ta zaro fayil daga jakarta, ta buɗe shafin sallama ta farko, ta juyo mini da shi. Ga sunan maganina nan, an ja masa layi da jan biro. A gefe an rubuta a daina, an maye gurbinsa da sabo.

Ashe ba ƙari aka yi masa ba, canji aka yi. Ƙwaya ɗaya likita ya ce. Mu muka mai da ita uku, kuma tawa ce ke shiga cikinsa da farko, tun bai karya ba.

Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Na nemi inda zan sa idona na rasa. Anti ta buɗe baki, na ga maganar tana tahowa, kuma na cancanta. Sai ta rufe. Har gobe ina ganin girmanta saboda wannan.

Sista ta ce, "Wa aka ba takardar sallama?"

Yaya ya fita. Muka ji ya buɗe mota, ya daɗe yana tono. Ya dawo da takardar, ta sha maiƙo a gefe ɗaya, an kuma rubuta lambar wayar wani makanike a bayanta.

Sista ta ce, "Kada kowa ya ci kansa. Mu ma namu laifin yana nan. Mun yi wa mai makullin mota bayani, muka bar mai kofin ruwa tana naɗe tabarma. Sau uku yana dawowa, ba wanda ya ce a kawo duk abin da yake haɗiya mu gani da ido. Kuma ba wanda ya tambayi mai jikin."

Nan take ta kira likita a waya, ta karanta masa kwalayen uku da abin da awo ya nuna. Suka daidaita a kan ƙwaya ɗaya, da safe, a kuma kawo shi bayan mako a sake awo. Ta zaro wani kati mai kauri ta rubuta da manyan haruffa: sunan maganin, lokacin sha, wanda aka daina, ranar komawa, da lambar wayarta. Ta yi guda huɗu. Ɗaya a bangon shago, ɗaya-ɗaya a hannun kowannenmu. Ta ce ko maganin tari wani zai ba shi, a kira ta tukuna, kuma duk likitan da za a gani, katin ne zai fara shiga.

Baba yana kallon kwalayen nan uku kamar an ce ya zaɓi wanda za a yanka. Ya ce, "To Sista, na wa zan riƙe?"

Ta dubi duwatsun awon da ke jere, ta dubi hularsa da rigarsa da takalminsa, waɗanda ranar ma ba sa ga maciji da juna. Sai ta buɗe jakarta ta share kwalayen duka uku a ciki.

"Ba na kowa ba. Na ƙwace na kowa. Sabo za a karɓo daga ɗakin maganin asibiti."

Fuskar Baba ta saki. Ya ce, "To, wannan adalci ne."

Shi da kansa ya raba mana aiki. Yaya ne mai karɓo magani, wuri ɗaya, ba canji. Anti ce mai kai shi awo, tunda ba ta mantuwa kuma ba ta barin likita ya huta. Ni ce mai miƙawa. Masu kiran waya su ci gaba da kira, amma su tambayi lafiyarsa da kasuwa, kada wanda ya sake cewa ka sha. Yaya ya miƙa hannu zai ɗauki kwaɗonsa, wanda Baba ya taho da shi daga asibiti ya ajiye a kan kanta. Sista ta ce ya bar shi nan wata ɗaya tukuna. Ya bar shi.

Wata biyar ke nan. Baba bai sake faɗuwa ba, ko jiri bai sake yi ba. Kwanaki na je asibitin duba wata maƙwabciya, mai gadi ya hango ni ni kaɗai. Ya cire hula, ya rage murya, ya fara yi mini ta'aziyya. Ya ce mutumin kirki ne, ya ji a jikinsa tun da ya ga shiru. Sai da na rantse masa cewa yanzu na baro Baba yana faɗa da mahauci. Ashe ta ƙofar baya Anti take shigar da shi awo, don ta fi kusa da ofishin Sista. Kwaɗon kuwa yana nan a kan kanta, da shi Baba yake danne takardu kada fanka ta kwashe. Ya auna shi, ya ce nauyin da aka rubuta a jikinsa ƙarya ne, kuma duk zuwan Yaya sai ya gaya masa.

Amma akwai tambayar da ta tsaya mini a wuya duk watannin nan. Na Yaya da na Anti bai san cewa iri ɗaya ne ba, wannan na yarda. Nawa fa? Ranar da Sista ta nuna jan layin, kowa ya yi mamaki ban da shi. Na lura, don shi nake kallo.

Shekaranjiya da safe na kawo masa ƙwayar a tafin hannu, da kofin Mama. Na ce, "Baba, ka san an dakatar da farar nan tun farko, ko?"

Na san ba zai yi ƙarya ba, shi ya sa na daɗe ban tambaya ba.

Ya ce, "Na sani. Likitan farko ya faɗa mini da bakinsa, ranar da kika je neman ruwan zafi."

"To don me ka bar ni ina ba ka? Wata biyu, Baba. Da ka mutu fa?"

Ya dubi lotsattsen bakin kofin. Ya ce, "Ban san za ta kayar da ni ba, na ɗauka ƙarami ne abin. Su Babba kwali suka kawo suka tafi. Ke kuwa tun ranar da muka dawo daga binne uwarku, da wannan kofin kike tashina. Na ce in na gaya miki an daina, me za ki riƙa kawo mini da safe?"

Na tsaya riƙe da kofin. Ya ɗauki ƙwayar daga tafina, ya karɓi kofin, ya sha, ya miƙo mini.

Ya ce, "Yau kin cika shi fiye da na jiya."

Ya laluba aljihu ya ji makullin shago yana nan, ya gyara hula, ya fita.